Kura da Shan Bugu: 'Yan Dako da Mabarata a Zane-zanen Turai na Ƙarni na 17

A wannan karo za mu leƙa tarihin wasu mutane ne da ba kasafai ake jin labarinsu a littattafan tarihi ba, wato 'yan dako, da 'yan ga-ruwa, da masu faskare, da mabaratan biranen Turai na shekaru ɗari huɗu da suka wuce. Waɗannan bayin Allah ba su rubuta komai a kan kansu ba, domin galibinsu ba su iya karatu ba balle rubutu. Abin da ya rage mana nasu shi ne 'yan zane-zanen da wasu gwanaye suka yi musu da alli da tawada. Maganar hukuncin zanen mai rai fage ne na malamai, ba shi ya tara mu a nan ba. Mu dai za mu dubi waɗannan takardu ne a matsayin shaidar tarihi, mu ga yadda aka zana mai wahala, da wanda ya zana shi, da kuma wanda ya ci moriyar zanen.

Wane Zamani Ne Barok?

Barok suna ne da masana suka laƙaba wa salon gini da zane da sassaƙa da ya mamaye Turai daga wajejen shekarar 1600 zuwa tsakiyar ƙarni na 18. A birnin Rum ya fara ƙarfi, a lokacin da Fafaroma da manyan cocin Katolika ke zuba dukiya wajen ƙawata majami'u da fadoji, don su dawo da martabarsu bayan ɓallewar 'yan Furotesta. Salo ne na ƙasaita da burga: rufin ɗaki cike da hotuna, ginshiƙai masu murɗe-murɗe, ruwan zinare ta ko'ina.

To amma duk wannan ƙasaita a wuyan wani aka ɗora ta. Misali, a shekarar 1586 Fafaroma Sixtus na Biyar ya sa wani magini mai suna Domenico Fontana ya ɗauke wani dogon ginshiƙin dutse da aka kawo daga Masar tun zamanin Rumawa, mai nauyin fiye da tan 300, ya kafa shi a tsakiyar dandalin Vatican. Mutum kusan 900 ne suka yi aikin, da dawakai masu yawa da igiyoyi. A 1590 Fontana ya buga littafi mai hotuna kan yadda aka yi. Idan ka dubi hotunan, dutsen da katakan da suka tallafe shi sun cika shafi, su kuwa mutanen da suka ja igiya sai ka ce tururuwa. Sunan Fafaroma na nan, sunan magini na nan, amma ba ka iya bambance fuskar ko mutum ɗaya daga cikin ma'aikatan. Haka aka saba nuna ma'aikaci a da: ɗan ɗigo a gefen aikin manya.

Shi ya sa zanen takarda ke da muhimmanci. Babban hoton fenti mai kuɗi ne ke ba da kwangilarsa, shi ke faɗin abin da yake so a sa. Amma takarda da jan alli ko gawayi ba su da tsada, kuma mai zane na iya tsayawa a bakin kasuwa ya zana abin da idonsa ya gani ba tare da neman izinin kowa ba. A nan ne ma'aikaci ya fara samun shafi nasa shi kaɗai.

Ɗan Tela Daga Bologna

Mutumin da ya fi cancanta a fara da shi shi ne Annibale Carracci, wanda aka haifa a birnin Bologna na ƙasar Italiya a 1560. Mahaifinsa tela ne, baffansa kuma mahauci. Shi da wansa Agostino da ɗan baffan nasu Ludovico suka buɗe makarantar koyon zane a wajejen 1582, kuma babban darasinsu shi ne: a bar kwaikwayon zanen magabata kawai, a kalli mutum mai rai a zana shi yadda yake.

Tun yana saurayi Annibale ya yi wani babban hoto na rumfar mahauta, wanda yanzu yake kwalejin Christ Church a Oxford ta Ingila. A ciki akwai mai auna nama a sikeli, da mai rataye gawar dabba, da wanda ya durƙusa zai yanka tunkiya, ga kuma wani dogari yana laluben jakar kuɗinsa. Abin lura shi ne girman hoton, domin faɗinsa ya haura mita biyu da rabi, irin girman da a wancan lokaci ake ware wa sarakuna da labaran addini. Kuma mahautan ba a yi su don a yi dariya ba. Mutane ne tsaye a kan sana'arsu, kowa ya san abin da yake yi.

Akwai wani labari da marubucin tarihinsa, Bellori, ya kawo. Shi Agostino mutum ne mai son zama da fadawa da masu ilimi, yana shiga irin tasu. Sai wata rana Annibale ya ɗauki takarda ya zana mahaifinsu da tabarau a hanci yana zura zare a allura, mahaifiyarsu kuma riƙe da almakashi, ya ba wan nasa don ya tuna masa ko shi ɗan wane ne. An ce abin ya ɓata wa Agostino rai ƙwarai.

Daga cikin zanensa da suka fi taɓa zuciya akwai na wani yaro mai ƙusumbi, wanda ya yi da jan alli, yana ajiye a gidan Chatsworth a Ingila. Yaron ba riga a jikinsa, ya juyo da kai yana kallon mai kallonsa ta saman kafaɗa. Annibale bai ƙara wa ƙusumbin girma don ban dariya ba, bai kuma rage shi don jin kunya ba. A gefen takardar an rubuta 'yan kalmomi da Italiyanci, ma'anarsu: ban sani ba ko Allah zai taimake ni. Shekaru fiye da ɗari huɗu ke nan, amma duk wanda ya ga wannan takarda sai jikinsa ya yi sanyi.

Mutum Tamanin na Kan Titi

Babban aikinsa a wannan fage shi ne jerin zanen masu sana'ar kan titi na Bologna. Ya yi su da alƙalami da tawada, mutum ɗaya a kowace takarda. Bai ga an buga su ba, domin ya mutu a 1609. Sai a 1646 aka fitar da su a Rum cikin littafi mai hoto 80, bayan wani Bafaranshe mai suna Simon Guillain ya kwafe su a kan farantan jan ƙarfe. A 1660 kuma Giuseppe Maria Mitelli ya sake fitar da 40. Kusan duk takardun asali na hannun Annibale sun ɓace, don haka ta waɗannan bugu ne muka san su.

Bari in ɗan yi bayanin yadda ake wannan bugu, don za mu sake cin karo da shi. Ana shafe farantin jan ƙarfe da wani abu mai kama da kakin zuma, sai mai zane ya yi zanensa a kai da allura, yana kankare kakin. Daga nan a tsoma farantin a ruwan asid, wanda zai ci ƙarfen a wuraren da allura ta bi kawai. A wanke, a cusa tawada cikin ramukan, a ɗora takarda mai laima a matse da injin matsi. Faranti ɗaya na iya haifar da ɗaruruwan kwafi, kuma wannan ne ya sa hotunan suka yi araha suka bazu a Turai.

Su wane ne a cikin tamanin ɗin? Akwai ɗan dako, da mai sayar da ruwa, da mai yasar rijiya, da mai faskare, da mai washin wuƙa, da mai share bututun hayaƙin gidaje, da mai maganin ɓera, da mai raba burodi, da mai kai wasiƙa, da mai cire haƙori, har da mai tallar tumbi da hanji don abincin kyanwoyi. Abin da ya bambanta su da zanen 'yan talla da aka yi kafin su shi ne nauyi. A tsofaffin hotuna mutum kan tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi, a rataya masa kayan sana'arsa don a gane shi. A wajen Annibale kuwa kana ganin inda kayan suka danne: wuya ya lanƙwashe, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, gwiwa ta ɗan karye, yatsun ƙafa sun kama ƙasa. Duk wanda ya taɓa naɗa gammo ya ɗora buhu zai gane cewa mai wannan zane ya tsaya ya kalli ɗan dako da idon basira, ya san cewa kaya ba a kai kaɗai suke zama ba, har ƙugu da agara suna biyan nasu kason.

Shi kansa Annibale bai tsira daga abin da ke samun ma'aikaci ba. A 1595 Kadinal Odoardo Farnese ya kira shi Rum, ya shafe shekaru a kan katakan hawa, kai a ɗage, yana zane rufin babban zauren fadar Farnese, aikin da har gobe ake lissafa shi cikin mafiya kyau a Turai. Da aka zo sallama sai aka aiko masa da kuɗi sukudi 500 kacal, abin da mutanen zamaninsa suka ɗauka wulaƙanci ne. Marubutan tarihinsa sun ce daga nan baƙin ciki ya kama shi, aiki ya gagare shi, har ya mutu yana ɗan shekara 48.

'Yan Dakon Nan Daga Ina Suke?

A nan ne labarin ya ƙara daɗi. Yawancin masu ɗaukar kaya a manyan biranen arewacin Italiya ba 'yan gari ba ne, baƙi ne. Da yawansu daga kwarurukan duwatsun yankin Bergamo suke, inda ƙasar noma ta yi kaɗan, sanyi kuma ya yi yawa, sai maza su gangaro Venice da Genoa da sauran birane neman abin kai wa iyali. Masu share bututun hayaƙi su ma daga ƙauyukan duwatsun arewa suke saukowa, sau da yawa da ƙananan yara, saboda yaro ne ke iya shiga bututun.

A tashar jiragen ruwan Genoa, 'yan dako suna da ƙungiya mai suna Caravana, wadda dokokinta suka samo asali tun 1340. Daga baya aka taƙaita shiga cikinta ga 'yan asalin kwarurukan Bergamo kaɗai, kuma haka abin ya zauna har tsakiyar ƙarni na 19. Ana ma ba da labarin cewa matan 'yan ƙungiyar kan koma gida idan haihuwa ta kusa, don a haifi yaron a can ya sami damar gadon aikin ubansa. Ƙungiyar na tara kuɗi don jinyar marar lafiya da binne mamaci. Wani abin sha'awa kuma, kalmar da mutanen Genoa ke kiran ɗan dakon tasha da ita, "camallo", daga Larabci ta fito, wato "hammal", mai ɗaukar kaya.

To ta yaya 'yan gari suka ɗauki waɗannan baƙi? A wasannin barkwancin Italiya na wancan zamani akwai wani ɗan wasa da ba a rasa shi, ana kiransa Zanni. Sunan Giovanni ne aka gutsure, wato sunan da ya fi yawa a cikinsu aka mayar da shi sunan kowa. Zanni bara ne daga Bergamo, kullum cikin yunwa, yana magana da karin harshen ƙauye da ke sa 'yan birni dariya, wani lokaci wawa, wani lokaci mai wayon tsiya. Shahararren ɗan wasan nan Arlecchino daga cikin wannan zuri'a ya fito. Ke nan mutumin da ya sauke wa gari kayansa da rana, shi ne abin dariyar gari da dare. Jacques Callot, wanda za mu zo kansa yanzu, ya yi jerin hotuna 24 na irin waɗannan 'yan wasa a wajejen 1622, suna tsalle-tsalle da murguɗe jiki. Idan ka ajiye su kusa da na Annibale sai ka ga hanyoyi biyu na kallon talaka, a ƙasa ɗaya, a kusan zamani ɗaya.

Callot: Mabarata da Yaƙi

An haifi Callot a birnin Nancy na yankin Lorraine a 1592, ya yi aiki a Florence a fadar gidan Medici, sannan ya koma gida a 1621. Gwanin faranti ne na gaske. Shi ya kawo amfani da wani mai mai tauri irin na masu haɗa kayan kiɗa a maimakon kaki mai laushi, abin da ya ba shi damar zana mutane ƙanana ƙwarai ba tare da layi ya ɓaci ba. Ya bar faranti fiye da 1,400.

A wajejen 1622 ya fitar da jerin mabarata, hoto 25. Akwai makaho da karensa, da gurgu a kan sanduna, da mace mai ido ɗaya, da uwa da 'ya'yanta uku, da tsohuwa da kyanwoyinta. Bayan kowannensu fili ne fari fat, babu gida babu bishiya, sai mutum da tsummansa. Tsumman kuwa Callot ya ba su haƙƙinsu, kowane faci da kowace yagewa. Sai dai hoton farko na jerin wani dogon mutum ne riƙe da tuta da aka rubuta wa "shugaban 'yan damfara". Wannan ya nuna ra'ayin da ya yi yawa a lokacin, cewa mabaraci ɗan yaudara ne har sai an tabbatar da akasin haka. Shi ya sa masana har yau suke muhawara: tausayi ne a hotunan, ko gargaɗi?

A 1633 kuma, shekarar da sojojin Faransa suka mamaye Nancy, aka buga aikinsa da ya fi shahara, jerin hoto 18 kan bala'in yaƙi. Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin, wanda aka yi daga 1618 zuwa 1648, ya ci miliyoyin rayuka, galibi ta hanyar yunwa da annoba. Kowane hoto bai fi tafin hannu biyu a jere ba, amma jerin labari ne cikakke. An fara da ɗaukar soja, sai fagen fama, sai sojoji suka juya kan talakawa suna wawashe gidan manomi, suna ƙona ƙauye, suna tare matafiya. Sai hukunci ya biyo baya, ciki har da hoton nan na wata babbar bishiya da aka rataye mutum kusan ashirin a rassanta. Daga nan sai ka ga tsofaffin sojoji guragu suna jan jiki zuwa ƙofar asibiti, wasu suna mutuwa a kan juji a bakin hanya, sannan manoma suka yi kwanton ɓauna suna ramuwa da abin sussuka da lauje. Hoto na ƙarshe kuwa sarki ne a kan karaga yana raba wa manyan hafsoshi kyauta. Callot bai yi sharhi da bakinsa ba, amma jerin ya amsa tambayar da mabaratansa suka bari: ga inda guragun nan suka fito.

Rembrandt da Wata Mata Mai Suna Roghman

A ƙasar Holan, wani saurayi ɗan mai injin niƙa, Rembrandt, wanda aka haifa a Leiden a 1606, ya ga mabaratan Callot ya ɗauki darasi. A wajejen 1630 ya yi ƙananan hotunan mabarata masu yawa. A ɗaya daga cikinsu, na 1630, wani mabaraci na zaune a kan tudun ƙasa, ya miƙo hannu, baki buɗe kamar yana ƙorafi, kuma fuskar da ke jikinsa ta Rembrandt ce da kansa. A 1632 ya yi mai maganin ɓera a ƙofar wani gida, maigidan na kawar da kai yana ture shi. A 1635 ya yi tsohuwa mai suyar fanke a kan titi, yara sun kewaye ta, wani ƙaramin yaro na ƙoƙarin hana kare ƙwace nasa. A 1648 kuma ya yi wasu iyali a ƙofar gida: tsoho makaho, da mace da goyo a baya, da yaro da ya ba mu baya, maigida na miƙa wa matar kwabo. Ya tsara hoton yadda idonka zai faɗa daidai kan hannayen biyu, mai bayarwa da mai karɓa, kuma babu wanda aka ƙasƙantar a cikinsu. Shi ma duniya ta juya masa baya daga baya: ya karye a 1656, aka yi gwanjon gidansa da kayansa, ya mutu a 1669 aka binne shi a kabarin da ba a sa wa suna ba.

Aikin mata fa? A nan dole a ambaci Geertruydt Roghman, wata mata mai sassaƙa faranti a Amsterdam, wadda a wajejen 1650 ta fitar da hotuna biyar na mata a bakin aikin gida: ɗinki, da kaɗi, da girki, da wanke-wanke. Maza masu zane na lokacin sun saba nuna 'yar aiki tana murmushi tana kallon mai kallo. Matan Roghman kuwa ba ruwansu da kai; wasu ma baya suka juya maka, sun duƙufa a kan tukunya. Mace ce ta zana, ta kuma san cewa mai aiki ba ta da lokacin yi wa kowa fari da ido.

Bayin Livorno

Akwai kuma waɗanda wahalarsu ba ta neman abinci ba ce, ta bauta ce. A tashar Livorno, sarakunan Tuscany na tsare da dubban bayi masu tuƙa jiragen yaƙi da filafili, mafi yawansu Musulmi da aka kamo daga Arewacin Afirka da ƙasashen Daular Usmaniyya, kamar yadda jiragen Aljiyas da Tunis su ma ke kamo Kiristoci. An gina musu wani babban gidan tsaro a farkon ƙarni na 17, har da wurin salla a ciki. Tsakanin 1623 da 1626 wani mai sassaƙa, Pietro Tacca, ya ƙera mutum-mutumin tagulla guda huɗu na bayi ɗaure da sarƙa a gindin gunkin sarki Ferdinando na Ɗaya, kuma bayin gidan tsaron ya kalla ya ƙera su. Ɗaya daga ciki baƙar fata ne ɗan Afirka. Stefano della Bella ya zana wannan wuri a jerin hotunan tashar da ya yi a wajejen 1655, da jama'a suna harkokinsu a gindinsa. An kafa abin ne don yabon sarki, amma yau sunan da kowa ya san shi da shi na bayin huɗu ne, kuma su masu ziyara ke tsayawa kallo.

Wa Ke Sayen Hotunan?

Ga tambayar da ta fi kowace nauyi. Ɗan dako ba ya sayen littafi mai hoto 80. Masu saye su ne attajirai da manyan coci da 'ya'yan sarauta. A Rum, wani ɗan Holan mai suna Pieter van Laer, wanda ya iso a wajejen 1625, ya buɗe kasuwar ƙananan hotunan talakawa, kuma manyan gari suka yi ta rububinsu. Wannan ya fusata wani mai zane ɗan Naples, Salvator Rosa, har ya yi musu zambo a rubuce. Abin da ya zarge su da shi shi ne, mutum zai kashe kuɗi mai yawa ya rataye hoton mabaraci a zaurensa, amma idan mabaracin gaske ya tsaya a ƙofarsa ko kwabo ba zai ba shi ba. Gaskiya Rosa ba don kishin talaka kaɗai ya faɗa ba, yana ganin irin wannan zane zubar da darajar sana'arsu ne. Amma maganar tasa ta sami wurin zama.

Domin kuwa a daidai lokacin da hoton talaka ke shiga zaure, shi talakan kore shi ake yi daga titi. Bologna ta buɗe gidan tsare mabarata a 1563. Rum ta buɗe nata a 1587, a zamanin wannan Fafaroma da ya sa aka ja dutse. Amsterdam ta buɗe gidan horo na maza a 1596, inda ake sa mabarata da 'yan zaman kashe wando su yini suna goge wani icce mai tauri daga Brazil da ƙaton zarto, ana yin garin rini da shi. Na mata kuma ya biyo baya a 1597, su kaɗi aka ɗora musu. A Faris, dokar sarki ta 1656 ta ba da umarnin a kwashe mabarata a kulle. Ga hoto a bango, ga mai hoton a kurkuku. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kammalawa

Duk da haka bai kamata mu raina abin da waɗannan masu zane suka bari ba. Ba su canza wa ɗan dako rayuwa ba, amma sun hana a manta cewa ya taɓa wanzuwa. Gibin da suka bari guda ne: suna. Mun san Kadinal Farnese, mun san ko nawa ya biya, amma a cikin mutum tamanin na Bologna, sana'a ce kawai a ƙarƙashin yawancin hotunan. Yaron nan mai ƙusumbi ma ba mu san sunansa ba.

Mu da ke zaune a Sabo da Agege da Mile 12 ba sai an yi mana dogon bayani kan labarin Zanni ba. Mun san yadda ake ɗaukar suna ɗaya a yafa wa al'umma guda, mun kuma ga yadda ake fito da "aboki" a wasu finafinan kudu, mai gadi ko mai shayi da gurɓatacciyar magana. Har littafin da ya fi shahara kan Sabon Ibadan, wanda aka buga a 1969, baƙo ne ya rubuta shi, wato Abner Cohen. Ya yi ƙoƙari, amma ba aikinsa ba ne ya adana mana sunayen waɗanda suka yi dakon goro da waɗanda suka koro shanu a ƙasa.

Yau kusan kowa na da kyamara a aljihu, abin da Annibale bai taɓa mafarkinsa ba. Shawarata ga matasanmu da ƙungiyoyinmu na unguwanni ita ce, a nemi tsofaffin 'yan dako da 'yan ga-ruwa da suka rage, a nemi izininsu, a ɗauki hotonsu cikin mutunci, a rubuta sunan kowa da garinsu da shekarar da ya zo, a naɗi labarinsa da bakinsa, a kuma ba shi kwafinsa ya kai gida. Sannan wanda ya ɗaukar maka kaya a kasuwa, ka biya shi haƙƙinsa nan take ba tare da ja-in-ja a kan canji ba, kada mu zama irin mutanen da Rosa ya yi wa zambo.

Allah Ya sa albarka a guminmu, Ya jiƙan magabatanmu da suka share mana hanya a waɗannan garuruwa. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalam.